Nobi Urengoi: gari ne ko sansanin ma'aikata?

Sani_Fagge:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina so mu tattauna a kan wani birni da ke arewacin Saiberiya a ƙasar Rasha, mai suna Nobi Urengoi, wanda Rashawa ke yi wa kirari da babban birnin iskar gas. Yana cikin yankin Yamal-Nenets, kimanin kilomita 60 kudu da da'irar Aktik, wato layin taswira da ke kewaye yankin ƙanƙara na ƙarshen arewacin duniya, kuma ƙidayar 2021 ta nuna mutum dubu 107 da 'yan kai ne ke zaune a cikinsa. Kafin a gano gas a wurin a 1966 babu komai sai fadama da gajerun itatuwa da makiyaya masu wucewa. Ra'ayina shi ne wannan wuri ba gari ba ne, sansanin ma'aikata ne da aka yi wa benaye. Babu gona, babu wata sana'a da ba gas ne ke ciyar da ita ba, babu wanda kakansa ke kwance a maƙabartar wurin, kuma hunturu yakan cinye kusan wata tara na shekara. Ranar da gas ya ƙare, ko masu saye suka juya baya, kowa zai ɗaure kayansa ya kama gabansa. Wanda ya san wurin ko ya yi karatu a Rasha ya gyara mini idan da gyara.

Injiniya_Bello:
Wa alaikumus salam, Malam Sani. Na yi karatun aikin man fetur da gas a birnin Tiyumen, kuma a can Nobi Urengoi aka tura mu sanin makamar aiki a tsakiyar hunturu, saboda haka zan faɗi abin da idona ya gani. Jirgin ƙasa ne ya ɗauke mu, ya bi ta Surgut da Noyabirsk, kuma tun kafin a isa mutum zai lura itatuwa suna ta ƙanƙancewa har su koma kamar ba su so fitowa ba. Birnin kashi biyu ne, na arewa da na kudu, akwai fili da jeji a tsakaninsu, babbar hanya da gada ce ta haɗa su.

Abin da mai ji daga nesa ba ya ganewa shi ne, sanyin a waje yake. Cikin gida da ofis da bas akwai ɗumi har mutum ya zauna da riga ɗaya, domin ruwan zafi ne ke zagaya kowane bene ta cikin bututu dare da rana. Amma da zarar ka tura ƙofa ta biyu ka fita, idan ma'auni ya kai digiri 40 ƙasa da sifiri, gashin cikin hancinka zai ƙandare a numfashin farko, gashin ido ya yi fari, waya kuma ta mutu a hannunka idan ka daɗe da fito da ita daga aljihun ciki. Matar da ke kula da masaukinmu, dattijuwa ce da ta zo wurin tun tana budurwa, ta ɗaga takalmina ta duba tafinsa, ta ajiye, ta ce ba zan fita da shi ba, sai da ta nemo mini na wani ma'aikaci da ya tafi hutu. Akwai kuma wata al'ada: duk wanda ya ga kuncinka ko kan hancinka ya yi fari zai tsayar da kai a hanya, ko bai san ka ba, ya ce ka rufe wurin da tafin hannu, domin sanyi ya fara cin naman. Ni da fatata baƙa ce alamar ba ta saurin bayyana, don haka abokan aikina sukan matso har kusa su leƙa fuskata kafin mu shiga mota.

Na ga makarantu, asibitoci, wurin ninƙaya, gidajen renon yara a cike. Sansani ba ya haihuwa, Malam Sani, wannan kuwa yana haihuwa.

Maman_Hanifa:
Injiniya, zancen yaran nan ne ya tsaya mini a rai. Ta yaya uwa za ta tura ɗan shekara bakwai makaranta a cikin irin wannan sanyi, ga duhu kuma an ce gari ba ya wayewa da wuri?

Injiniya_Bello:
Hajiya, suna da tsari. Kowace safiya hukuma takan duba ma'aunin sanyi da ƙarfin iska tare, domin iskar ce ta fi illa, sannan ta sanar da azuzuwan da aka ɗage wa zuwa makaranta, ana farawa daga ƙanana. Suna kiran irin wannan rana aktirofka, kuma a yanzu akan ba yaran darasi ta intanet a madadin. Abin dariyar da iyaye ke yawan faɗa shi ne, yaran da aka ce sanyi ya hana su zuwa aji su ne za ka gani a waje suna zamiya a kan tudun ƙanƙara. Idan bazara ta zo kuwa, da an rufe makarantu iyaye da yawa sukan tura 'ya'yansu kudu wurin kakanni ko bakin Baƙin Teku, gari ya yi shiru har ƙarshen watan Agusta.

Sani_Fagge:
To ai ka ƙarfafa maganata da bakinka, Injiniya. Kakannin suna kudu, hutu a kudu, ke nan gida yana kudu.

Kabiru_Tarihi:
Malam Sani, tambayar da ka yi, mahukuntan Tarayyar Sobiyet da kansu sun yi ta, kuma sun ba ta amsa iri biyu. Bari in ɗan koma baya. Tun zamanin shugaba Stalin an yi yunƙurin ratsa wannan yanki da layin dogo daga Salehard zuwa Igarka, fursunoni ne suka yi aikin, aka kuma watsar da shi a 1953 bayan mutuwarsa, har yau ana ganin ragowar sansanoninsu a cikin jeji. Wannan shi ne sansani na haƙiƙa. Gas kuwa an fara haƙo shi a yankin ne daga filin Medbeji a 1972, aka gina masa garin Nadim. Ayarin farko na magina ya isa inda Nobi Urengoi yake a 1973, aka yi wa wurin rajista da wannan suna a 1975, gas ya fara shiga bututu a 1978, aka ba shi matsayin birni a 1980. Mutanen farko a cikin taragu suka zauna, wasu kuma a cikin wasu gidajen ƙarfe masu siffar ganga a kwance, da gado da murhu a ciki, kuma iyalai sun shekara da shekaru a haka kafin benaye su wadata.

Da aka zo kan filin Yamburg, wanda ke can arewa da da'irar Aktik kuma ya fara aiki a 1986, sai aka canza shawara. An ga cewa gina birni da makarantu da asibitin haihuwa a irin wannan wuri ya fi ƙarfin lissafi, saboda haka aka zaɓi aikin karɓa-karɓa: a kawo ma'aikaci ta jirgin sama ya yi wata guda ko biyu, a mayar da shi gida, wani ya karɓe shi. Yamburg ba a zama da iyali a cikinsa, ba a shiga sai da takardar izini. Haka aka yi a filin gas na Bobanenkobo da ya fara a 2012, haka kuma a tashar jiragen ruwa ta Sabetta. Idan kana neman sansani, ga su nan. Nobi Urengoi kuwa yana cikin waɗanda aka gina da niyyar a zauna, kuma ofisoshin da ke tafiyar da Yamburg ɗin ma a cikinsa suke.

Nura_Akanta:
Ni ina ganin ba za a fahimci wurin ba sai an duba takardar albashi. Dokar Rasha ta ware wa masu aiki a Arewa Mai Nisa wasu haƙƙoƙi tun zamanin Sobiyet. Akwai ƙarin yanki da ake ninka albashi da shi, akwai kuma ƙarin daɗewa wanda ke hawa a hankali har ya kai kashi 80 cikin ɗari na albashin asali a wannan yanki. Ana ƙara wa ma'aikaci kwana 24 a kan hutunsa na shekara, ana biya masa kuɗin tafiya hutu sau ɗaya a shekara biyu, kuma wanda ya cika shekara 15 yana aiki a can yakan fara karɓar fansho shekara biyar kafin sauran jama'a. Shi ya sa matsakaicin albashin Yamal ke cikin mafi yawa a duk Rasha. To amma ku lura da yadda aka gina tsarin: kowane ɗaya daga cikin waɗannan haƙƙoƙi yana ɗauka cewa mutum zai tara ya tafi. Wannan cin rani ne, sai dai cin rani ne da yakan kai shekara talatin, kuma mun san yadda ɗan cin rani yakan ce bana zai koma gida har furfura ta riske shi a inda yake.

A gefe guda kuma tsada tana cinye wani kaso. Tumatir da albasa da 'ya'yan itace duk daga nesa ake kawo su, tufafin hunturu na yara sai an sake duk shekara, mota sai an sa mata na'urar ɗumama inji ko a bar ta tana tashi da kanta cikin dare don kada mai ya daskare.

Dakta_Zainab:
Ina so in ƙara a kan abin da Maman Hanifa ta tambaya game da duhu, domin a aikinmu shi ya fi damun mu fiye da sanyi. A ƙarshen Disamba hasken rana a wannan birni bai kai awa uku ba, kuma ranar ba ta tashi sama, takan leƙo ne a gefen sararin sama ta koma. Mutum zai fita aiki cikin duhu ya dawo cikin duhu. Jiki kuwa da haske yake gane lokacin barci da na farkawa, don haka ake yawan kukan kasala da rashin barci da ƙuncin rai, ga ƙarancin sinadarin bitamin D wanda fata ke samarwa daga hasken rana, shi ya sa ake ba yara shi a matsayin magani. Mai baƙar fata ya fi buƙatar kula da wannan, domin fatarmu ta fi jinkirin samar da shi idan haske ya yi ƙaranci. A watan Yuni kuma abin yakan juye, dare ya ɓace gaba ɗaya, mutane su rufe tagogi da labule mai kauri ko takardar gwangwani don su samu su runtsa. Ga sauro da wasu ƙananan ƙudaje masu cizo da ke tasowa daga fadama da zarar ƙanƙara ta narke, har ma'aikatan daji ke sa raga a fuska.

Ibro_Zango:
Dakta, kin taɓo inda nake jira. An ce akwai Musulmi a garin. Idan rana ba ta faɗuwa, yaushe ake magariba, yaushe ake shan ruwa? Malam Auwalu, a taimaka mana.

Malam_Auwalu:
Akwai Musulmi da dama, Malam Ibro: Tatar da Bashkir, da Nogai da Kumik daga Dagestan, da mutanen Azarbaijan da na Asiya ta Tsakiya da suka zo aiki. Mas'alar kuwa tsohuwa ce. Tun a shekarar 922 Ibn Fadlan, jakadan halifan Bagadaza, ya isa ƙasar Bulgar a bakin kogin Bolga ya tarar da dare gajere ƙwarai a lokacin bazara, kuma malaman wannan yanki sun daɗe suna muhawara a kan sallar isha'i idan shafaƙi bai ɓace ba. Asalin da ake komawa gare shi shi ne hadisin Dujal, inda Manzon Allah (SAW) ya ambaci yini mai tsawon shekara, sahabbai suka tambaya ko sallar yini ɗaya za ta ishe su, ya ce a'a, su ƙaddara masa lokacinsa.

Daga nan malaman zamani suka rabu. Manyan malaman Saudiyya sun tafi a kan cewa matuƙar ana samun dare da yini a cikin awa 24, to a yi azumi daga alfijir zuwa faɗuwar rana komai tsawonsa, wanda ya gaza ya sha ya rama, idan kuwa rana ba ta faɗuwa sam sai a bi lokacin gari mafi kusa da ake rarrabe dare da yini. Cibiyar fatawa ta Masar kuma ta halatta bin lokutan Makka idan yinin azumi ya wuce awa 18. Nobi Urengoi yana ɗan kudu da da'irar Aktik, amma duk da haka akwai kwanaki a watan Yuni da rana ba ta ɓacewa. Azumin 2015 da na 2016 a daidai wannan lokaci suka faɗo. Na 2030 kuma zai zo a watan Janairu, inda yinin zai zama 'yan awoyi kaɗan, kuma a nan ma akwai tambayar ko mutum zai wadatu da gajeren yinin ko zai ƙaddara. Allah ne mafi sani.

Sani_Fagge:
Allah ya saka da alheri, Malam. Mu dawo kan batun. Malam Kabiru ya nuna an gina wurin da niyyar zama, na yarda da tarihin, amma niyya daban, abin da zai faru daban. Me zai riƙe mutum dubu ɗari a can idan bututu ya bushe?

Ɗan_Arlit:
Yaya Sani, ni wannan tambaya ba daga nesa nake jin ta ba. An kafa garinmu Arlit na ƙasar Nijar a 1969 a tsakiyar hamada saboda yuraniyom kawai, babu kogi, babu gona, komai sai an ɗauko shi daga Agadas ko daga kudu. Mu ma an ce da mu ba gari ba ne. Da aka rufe mahaƙar Akokan a watan Maris na 2021 saboda ma'adinin ya ƙare, ɗaruruwan ma'aikata sun rasa aiki, kuma ba su kaɗai abin ya taɓa ba, har mai nama da tela da mai hayar ɗaki sun ji a jikinsu. Wasu sun koma garuruwan iyayensu. Amma waɗanda aka haifa a nan, ina za su koma? Ni idan na je ƙauyen mahaifina baƙo ne, ana nuna ni ana cewa ɗan wane ne na Arlit. Saboda haka idan yau akwai mai shekara arba'in da biyar da aka haifa a Nobi Urengoi, kuma tabbas akwai, har ya haifi nasa, to maganarka ta kakanni ta fara tsufa. Kamfani ne ke kafa irin waɗannan wurare, amma ba shi ke yanke ranar da za su daina zama gida ba.

Hadiza_Taswira:
Akwai mutanen da har yanzu ba a ba su haƙƙinsu a wannan zance ba. Malam Sani ya ce babu komai a wurin sai makiyaya masu wucewa. Waɗannan makiyaya su ne masu ƙasar. 'Yan ƙabilar Nenets sun yi ƙarnoni suna kiwon barewar ƙanƙara a yankin, suna zaune a cikin tantin fata mai tsini da ake kira cum, suna hawa arewa da bazara su sauko kudu da hunturu, wasu iyalan sukan yi tafiyar ɗaruruwan kilomita a shekara. Garken Yamal ya haura dabba dubu 600, babu irinsa a duniya. Bututu da hanyoyi da layin dogo sun yanka burtalinsu, ko da yake a wasu wurare an ɗaga bututun sama ko an yi mashigi don garke ya wuce, har akan shimfiɗa wani yadi a kan hanya domin jan keken ƙanƙara ya yi sauƙi. 'Ya'yansu kuwa jirgi mai saukar ungulu ne ke zuwa ya kwashe su daga tantuna a ƙarshen bazara zuwa makarantun kwana, sai hutu su ga iyayensu.

Sauyin yanayi ma su ya fara bugu. A hunturun 2013 zuwa 2014 an yi ruwan sama a kan dusar ƙanƙara, ya daskare ya zama ɓawo mai tauri, dabbobi suka kasa tono gansakukar da suke ci, kimanin dubu 61 suka mutu. A 2016 kuma zafin da ba a saba gani ba ya zo da ɓarkewar cutar antaras, ta kashe dabbobi sama da dubu biyu da wani yaro ɗan shekara 12. Idan ana maganar wanda zai zauna bayan gas, to a fara lissafi da su.

Injiniya_Bello:
Gaskiya ne, Malama Hadiza, kuma a cikin birnin ba ka cika ganin su ba sai a kasuwa, inda suke kawo naman barewa da daskararren kifi, ko lokacin bikinsu na ƙarshen hunturu da ake tseren keken ƙanƙara. Zancen narkewar ƙasa kuma ya shafi birnin kansa. Ƙarƙashin yankin akwai ƙasa da ke daskare shekara da shekaru, kuma matuƙar tana daskare tauri gare ta kamar dutse. Idan ɗumin gini ya sauka ya narkar da ita sai ta zama laka, bango ya tsage. Don haka ake kafa gine-gine a kan turaku masu zurfi, a bar iska tana wucewa ta ƙarƙashi, a bi da bututun ruwan zafi ta sama maimakon a binne, a kuma kakkafa wasu sandunan ƙarfe da ke zuƙo zafi daga cikin ƙasa su fitar da shi. Duk wannan lissafi an yi shi ne bisa sanyin shekarun 1970, yankin Aktik kuwa yana ɗumama fiye da sauran duniya nesa ba kusa ba.

Game da bushewar bututu, Malam Sani, abin ba dare ɗaya ba ne. Filin Urengoi yana cikin mafi girma a duniya, an ƙiyasta abin da ke cikinsa da farko ya kai kubik mita tiriliyan 10, kuma a ƙarshen shekarun 1980 yana ba da kimanin biliyan 300 a shekara. Gas mai sauƙin haƙa, wanda ke zurfin kilomita ɗaya da 'yan kai, shi ne ya ja baya sosai. Amma akwai wani a zurfin kusan kilomita huɗu, mai matsi da zafi, wanda ke fitowa da ruwan mai mai daraja. Haƙo shi ya fi wuya da tsada, wato ya fi buƙatar ƙwararru, ba ya rage su.

Nura_Akanta:
Injiniya, gas ɗin yana nan, ban musa ba, amma Malam Sani ya ambaci abu biyu, ƙarewa ko juyawar masu saye, kuma na biyun ya riga ya faru. An shimfiɗa bututun Urengoi zuwa Ujgorod, mai tsawon kusan kilomita 4,500, a farkon shekarun 1980 don a kai gas Turai ta Yamma, duk da takunkumin da gwamnatin shugaba Reagan na Amurka ta sa don hana aikin. Bayan yaƙin Yukiren ya ɓarke a 2022 cinikin ya rushe: an fasa bututun Nord Stream da ke kai gas Jamus ta ƙarƙashin teku a watan Satumbar 2022, kamfanin Jamus na Wintershall Dea da ke haɗin gwiwa a haƙar gas mai zurfin nan ya sanar da ficewarsa a farkon 2023, Gazprom, babban kamfanin gas na Rasha, ya yi asarar kuɗin Rasha rubul biliyan 629 a shekarar 2023, sannan a ranar 1 ga Janairun 2025 aka daina bi da gas ta Yukiren. Bututun da ke kai gas Sin a yanzu daga gabashin Saiberiya yake ɗauka, ba daga Yamal ba. Wanda ake so a ja daga Yamal ta Mongoliya shekaru ke nan ana ciniki a kansa.

Kabiru_Tarihi:
A ƙara da cewa fiye da kashi biyu cikin uku na gas ɗin Rasha a cikin gida ake ƙona shi, Malam Nura. Mosko ba za ta iya hunturu ɗaya ba tare da Yamal ba. Ribar waje ce ta ragu, buƙata ba ta ragu ba. Misalin da ya kamata mai ra'ayin Malam Sani ya kawo shi ne Borkuta, garin kwal da ke yamma da tsaunukan Ural. A 1989 mutanen cikinsa sun haura dubu 110, a 2021 ba su kai dubu 60 ba, kuma unguwannin da ke kewaye da shi wasu sun zama kufai, benaye a tsaye babu kowa, masu gidaje suna neman wanda zai karɓa ko da kyauta don su huta da biyan kuɗin ɗumama. Amma ko Borkuta ɗin ba ta mutu ba, ta tsuke ne, kuma waɗanda suka rage galibi su ne marasa halin tafiya.

Maman_Hanifa:
Wannan na ƙarshe shi ne abin tsoro. Mai kuɗi ya sayi gida a kudu tun da wuri, malamar makaranta da mai shara su ne za a bari. Dakta, tsofaffin wurin fa, suna zama ko suna tafiya?

Dakta_Zainab:
Da yawa suna tafiya, Hajiya. Akwai shirin gwamnati na taimaka wa 'yan fansho su koma kudancin lardin Tiyumen, wasu kuma sukan sayi gida a Krasnodar ko Bashkiriya ko inda suka fito. Shi ya sa yankin ya kasance na matasa, kuma yana cikin 'yan tsirarun yankunan Rasha da haihuwa ta fi mutuwa yawa. Wata abokiyar karatuna 'yar can ce, iyayenta sun koma kudu bayan ritaya, gida mai lambu, abin da suka shekara talatin suna buri. Uwar ta zauna lafiya. Uban kuwa kullum yana duba ma'aunin sanyin Urengoi a waya, yana kiran tsoffin abokan aikinsa yana tambayar wace rijiya aka gyara, daga baya ya nemi aikin karɓa-karɓa ya riƙa komawa. Ita abokiyar tawa da ta gama karatu can ta koma aiki, ta ce zafin kudu yana sa mata ciwon kai.

Sani_Fagge:
Na ji hujjar Ɗan Arlit da ta Dakta, kuma ba zan ce wanda aka haifa a wuri ba shi da gida a wurin ba. Amma har yanzu ina nan a kan cewa garin da ba a tsufa a cikinsa akwai abin da ya rasa. Kuma hedikwatar Gazprom tana San Fitasbag, a cikin benen da ya fi kowane tsawo a Turai, can ake yanke shawarar ko za a ci gaba da kashe kuɗi a kan birni ko a mayar da komai karɓa-karɓa kamar Yamburg. Mazauna ba su da ta cewa.

Injiniya_Bello:
A kan wannan akwai abin dubawa ta fuska biyu. An buɗe gada a kan kogin Pur a 2020, an buɗe sabon ginin filin jirgin sama a ƙarshen 2022 wanda aka yi wa siffar tantin Nenets, ana kuma rushe tsoffin gidajen katako ana mayar da mutane sababbi. Wanda zai watsar da wuri ba ya irin wannan kashe kuɗi. Sai dai filin jirgin nan, babban aikinsa shi ne sauke ma'aikatan karɓa-karɓa da ke wucewa zuwa filayen arewa, waɗanda ba sa kwana a birnin sai idan guguwar ƙanƙara ta hana jirgi tashi.

Ɗan_Arlit:
Injiniya, waɗannan masu wucewa, mazauna gari suna ɗaukar su 'yan'uwa ko kishiyoyi? A wurinmu an sha samun tsami tsakanin ɗan gari da wanda aka kawo daga nesa a kan aiki ɗaya.

Injiniya_Bello:
Akwai tsamin, ɗan'uwa. Mazaunin yana ganin mai karɓa-karɓa yana karɓar albashin da bai kai nasa ba, don haka 'yan kwangila suka fi son sa, kuma ba ya kashe ko sisi a garin, komai gida yake aikawa. Shi kuma mai karɓa-karɓa yana ganin mazaunin ya kama guraben dindindin na babban kamfani, masu asibiti da hutu da fansho, yana riƙe wa ɗansa. Na zauna cin abinci da ɓangarorin biyu a ɗakin cin abinci ɗaya, kuma kowanne tebur daban yake zama.